Wa Ya Hana Mai Jinya Kuka?

Ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya da ita, aure ya kai ta Faransa. Yau shekara 9 ke nan tana aiki a wani gidan tsofaffi a can, cikin masu taimakon jinya. Ita ba likita ba ce, ba kuwa nas ba. Ita ce mai tashe tsoho da safe, ta yi masa wanka, ta sa masa tufa, ta ba shi abinci a baki idan hannunsa yana rawa, ta kwashe abin da ya fita daga jikinsa, ta riƙa juya shi a gado don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Wani dare cikin daminar da ta wuce ta kira ni ta waya tana kuka. Na ɗauka wani abu ya sami mijinta ko yaran. Ashe wata tsohuwa ce ta rasu, Baturiya mai shekara 94, wadda ta yi shekara 4 a hannunta. Lokacin tashi daga aiki ya yi sa'ad da tsohuwar take gargara, ƙanwata ta ƙi tafiya gida, ta zauna riƙe da hannunta har rai ya yi halinsa.

Kashegari shugabarsu ta kira ta ofis. Ta ce mata ta cika sa mazauna gidan a ranta, ma'aikaciyar kirki kuwa takan bar tazara tsakaninta da wanda take jinya. Daga nan aka ɗauke ta daga benen da ta saba aka kai ta wani, wai domin ta huta.

Ta ce mini, "Yaya, laifi na yi?" Na ce, "Ba ki yi laifi ba." Amma amsar da na ba ta a waya ta yi gajarta, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganata da mutane iri biyu ce. Na fari su ne masu mulkin irin waɗannan gidaje, waɗanda suke koyarwa cewa sabo lahani ne ga aiki. Na biyu kuwa ku ne ƴan'uwana na gida, waɗanda in aka ce ƴar wane tana wanke tsofaffi a Turai sai ku taɓe baki.

Bari mu fara sanin wurin da muke zance a kansa. A Faransa akwai gidajen tsofaffi marasa ƙarfi kimanin 7,500, mutum wajen 600,000 suke zaune a cikinsu. Yawancinsu sun wuce shekara 80, da yawa kuma gigin tsufa ya kama su, galibi daga nan sai kabari. Likita yakan leƙo lokaci lokaci. Nas takan raba magani ta ɗaure ciwo ta wuce, gama mutane da yawa suke jiranta. Ƴaƴa sukan zo ran Lahadi, in sun zo. Sauran dukan sa'o'in mako, fuskar da tsoho yake gani ita ce ta mai taimakon jinya. In ya yi dariya a ranar, da ita ya yi. In an ci mutuncinsa, a hannunta aka ci.

To, mene ne wannan sabo da ake tsoro? Ku duba yadda abin yake. Tsohuwar da gigi ya kama ba ta iya cewa ga inda yake mini ciwo. Cutar mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, waɗanda za su sa saurayi ya yi kuka ya nemi magani, a jikin tsoho sau da yawa ba su nuna kome sai ƙarin ruɗewa ko yawan barci. Wa zai gane? Sai wadda ta san tsohuwan nan kullum takan shanye shayinta tas, yau ga shi ta bar rabi. Sai wadda ta san ba ta taɓa yarda a sa mata riga ba tare da ta zaɓa da kanta ba, yau kuwa ta miƙa hannu shiru. Ba a rubuta irin wannan sani a takarda a miƙa wa na gaba. Kwanaki ne suke tara shi, kamar yadda makiyayi yake gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga tafiyarta. Wanda ya ce a riƙa sauya mai jinya kowane mako don kada ta saba, ya ce ke nan a riƙa zubar da wannan sani kowane mako.

Ga kuma wani abu. Ka sa kanka a matsayin dattijon da ya manta inda yake. Da sassafe wani baƙo ya faɗo maka ɗaki, ya yaye maka bargo, ya kama tuɓe maka wando. Me za ka yi? Za ka yi ihu, ka kai duka, kuma da gaskiyarka. Sai a rubuta a littafi cewa wane ya zama mai rikici. Sai a ba ka maganin kwantar da jiki. Maganin ya sa ka jiri, ka tashi za ka kewaya, ka faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan ba ka ƙara tashi ba. Za a ce tsufa ne ya kashe ka. Alhali da wadda ka san muryarta ce ta shigo, da wanka kawai aka yi aka gama. Wasu Faransawa biyu, Yves Gineste da Rosette Marescotti, sun yi shekaru da yawa suna koya wa masu jinya su ƙwanƙwasa ƙofa su jira, su zo ta gaban mutum, su dube shi ido da ido, su yi masa magana kafin su taɓa shi, su kuma taimake shi ya tsaya da ƙafafunsa ko da kaɗan ne kowace rana. Koyarwa ce mai kyau, ina yaba masu. Sai dai na yi murmushi da na ji ta, gama kakata ba ta shiga lakkol ba, amma ba ta taɓa shiga ɗakin mara lafiya ba sallama ba.

Idan sabo yana da amfani haka, don me ake hana shi? Ni dai ga abin da na gani, kuma ba zan ɓoye ba. Koyarwar tazara ta yi daidai da littafin lissafi. Ma'aikaciyar da ba ta saba da kowa ba, ana iya ɗauke ta daga nan a jefa can kamar bokiti. In aka ba ta mutum 12 ta wanke kafin tsakar rana, za ta wanke, gama a wurinta lambobin ɗaki ne. Amma wadda ta san su da suna za ta buɗe baki ta ce wannan ba daidai ba ne.

Ba ƙage nake yi ba. A shekara ta 2017, a wani ƙauye da ake kira Foucherans a gabashin Faransa, masu taimakon jinya na wani gidan tsofaffi sun yi yajin aiki har kwana 117. Babban kukansu shi ne hannuwa sun yi kaɗan, mintocin da ake ba su ga kowane tsoho ba su isa a yi masa wanka irin na ɗan adam ba. Ma'aikatan irin waɗannan gidaje har suna da wani suna na ba'a da suke kiran wankan gaggawa, wato a goge fuska, a goge hannu, a goge ƙasa, a wuce ɗaki na gaba. Ran 30 ga Janairu 2018 ma'aikatan gidajen tsofaffi na ƙasar duka suka fita yaji a kan wannan magana. Sa'an nan a Janairu 2022 wani ɗan jarida, Victor Castanet, ya fitar da littafi mai suna Les Fossoyeurs, wato masu haƙa kabari, bayan bincike na shekara 3 a kan kamfanin Orpea mai ɗaruruwan gidaje. Ya ba da labarin wani gida kusa da Paris inda kuɗin ɗaki a wata ya fara daga wajen yuro 6,500, fiye da sefa miliyan 4 ke nan, amma ana ƙidaya wa tsofaffi ƙunzugun da za a sa masu a yini, ana kuma tsuke abinci. Cikin ƴan kwanaki aka sallami babban manajan kamfanin, gwamnati ta ce za a bincika dukan gidajen tsofaffi na ƙasar, a 2024 kuma kamfanin ya sake suna ya koma Emeis. Ku lura, ƴan'uwa, cikin waɗanda suka tona wa ɗan jaridan nan asirin akwai ma'aikatan da suke wankan da hannunsu. Abin da ya buɗe bakinsu shi ne abin nan da aka ce wa ƙanwata ta rage.

Na san masu koyar da tazara suna da tasu hujja, ba kuwa duka ne banza ba. Suna cewa mai jinya tana iya sace zuciyar tsoho don ta ci dukiyarsa. Gaskiya ne, ana yi. Amma dokar Faransa ta riga ta hana ma'aikacin gidan tsofaffi cin gādo ko karɓar babbar kyauta daga wanda yake jinya, kuma doka ce mai kyau. An toshe wannan rami, me ya kawo hana riƙon hannu? Suna cewa sabo yakan kawo raini, har yarinya ta riƙa yi wa dattijo magana kamar jariri. Wannan ma gaskiya ne, na kuma yarda a koya masu su kira mutum da sunan girma har sai shi da kansa ya ce a sauƙaƙa. Suna cewa za ta fifita wani a kan wani. To, maganin wannan a ƙara hannuwa, kowane tsoho ya sami wadda ta san shi. Ba a maganin ƙarancin tuwo da hana kowa ci. Na kuma san akwai masu jinya mugaye, masu duka da zagi, kada wani ya ce na rufe ido. Sai dai abin da na lura a zaman duniya, mutum ya fi saurin wulakanta wanda bai san labarinsa ba.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta baƙin ciki. Suna cewa wadda take binne mutum goma a shekara, in ta yi wa kowane kuka, zuciyarta ba za ta kai ta ko'ina ba. Nan ina da abin faɗi, gama aikina ya sa na tsaya a bakin kaburbura masu yawa, na mutanen da na ci abinci a gidajensu. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in san su don kada in ji zafi. Abin da yake riƙe ni shi ne bayan jana'iza mukan zauna, a yi gaisuwa, a tuna da mamaci, wani ya ba da labarinsa har a yi dariya. Mai jinya fa? Ƙanwata ta ce kafin kwana kaɗan an kwashe kayan tsohuwar, an share ɗakin, wani ya shiga. Ba wanda ya ce mata sannu da haƙuri. Ita ta wanke mutum shekara 4, amma ba ta cikin masu karɓar gaisuwa. Kukan da aka hana ta yi a fili, shi ne ta yi mini a waya da tsakar dare. In suna tsoron zuciyarta ta gaji, su ba ta rabin yini ta je jana'iza.

Ranar da aka gwada koyarwan nan kuwa ta zo. A Maris 2020, da annobar korona ta shiga, aka hana dangi ziyara a gidajen tsofaffi na Faransa. Dubbai suka mutu ba ɗa ba jika a kusa. A garin Corbas kusa da Lyon, shugabar wani gida mai suna Vilanova da wasu ma'aikatanta suka kulle kansu tare da tsofaffi fiye da 100 har kwana 47, suna kwana a kan katifa a ƙasa, sun bar nasu iyali a gida. Da suka fito aka auna kowa, ba a sami cutar a jikin ko ɗaya ba. Jaridu suka yi ta yabo. Ina tambaya, wace tazara ce ta sa mace ta bar ƴaƴanta kwana 47? A ran wahala an kira shi jaruntaka, da hankali ya kwanta aka koma kiransa rashin iya aiki.

Yanzu na juyo gida. Ina jin wani yana cewa, Malam, ai wannan matsalar Turawa ce, su suke jefar da iyayensu, mu namu suna tsakar gida. Laifi tudu ne. A Wagadugu akwai gida mai suna Delwende, inda ɗaruruwan mata, yawancinsu tsofaffi, suka sami mafaka bayan danginsu sun kore su da zargin maita. Ba Bature ya kore su ba. A ƙasarmu kuwa, tun 1956 akwai asibitin kutare a Danja kusa da Maraɗi. Tun shekarun 1980 akwai maganin da yake kashe ƙwayar kuturta cikin wata 6 zuwa 12, amma ba ya mayar da yatsun da suka tafi, ba ya kuma mayar da ji ga tafin ƙafar da ya mutu. Mutane da yawa da suka warke ba su sami gidan komawa ba, suka tsufa a gefen irin waɗannan asibitoci. Wani ne yake jiƙa masu ƙafa a ruwa, ya kankare kantar, ya shafa mai, ya ɗaure gyambo, yau da gobe har shekaru. In wannan ba jinyar tsofaffi ba ce, a gaya mini sunanta.

Zan ba da labarin da ba ya yi mini daɗi. A wani ƙaramin asibiti da nakan ziyarta, akwai wani dattijo kuturu da ya makance. Wani saurayi mai ɗaurin gyambo ya yi shekara 11 yana lura da shi. Baba yake ce masa, shi kuwa yana ce masa ɗana. Shi yake dama masa fura daidai kaurin da yake so, shi yake yi masa aski, shi yake kai shi bayan gida da dare ko da ba ranar aikinsa ba ce. Da dattijon ya rasu, sai ga dangi, waɗanda ban taɓa ganin ƙeyarsu ba, sun zo suna tambayar rediyo da akuya da kuɗin da suka ce yana ɗaure a lalitarsa. Aka tara kwamiti, aka tsayar da saurayin nan ana yi masa tambayoyi kamar ɓarawo. Rediyon yana nan, akuyar an daɗe da sayar da ita an sayi magani da sanin dattijon, lalitar kuwa ba kome a ciki sai ƙwayar goro. Aka ce ya tafi, ba a same shi da laifi ba, amma a gaba kada ya ƙara shiga harkar majiyyaci haka. Ina cikin kwamitin nan. Na san gaskiya, na kuwa yi shiru don kada a ce na goyi bayan yaro a gaban manya. Bai ƙara shekara a wurin ba, ya tafi Libiya. Abin da muke biyansa ma bai kai mafi ƙarancin albashin da doka ta sa ba, wanda tun 2024 ya zama sefa 42,000 a wata.

Haka nan a birane. Ɗa ya sami aiki a Yamai, ya ɗauko tsohuwarsa, shi da matarsa suna fita tun safe. Sai a kawo yarinya daga ƙauye ta zauna da ita. Bayan wata shida tsohuwa ta saba, ba ta cin abinci sai daga hannun yarinyar, ta ba ta tsohon zane. Nan da nan uwargida ta ce yarinyan nan ta fara wuce wuri, a sallame ta a kawo wata. Tsohuwa ta yi kwana uku ba ta magana, a ce rigimar tsufa ce. Mene ne bambancinmu da shugabar ƙanwata? Ita dai tana da ofis.

Abin mamaki, al'adarmu ta fi kowa sanin amfanin wanda ba ɗa ba a wajen jinya. Kunya ta hana. Uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, yaya za ta yarda ya ga tsiraicinta? Dattijo zai gwammace ya kwana cikin fitsari da surukarsa ta sauya masa wando. Shi ya sa tun dā jika ne yake wannan aiki, gama tsakanin jika da kaka akwai wasa. Yarinya ta ce wa kakanta mijina, ta ce wa kakarta kishiya, ana tsokana ana dariya har a gama wanka ba wanda ya sunkuyar da kai. Yau jikoki suna makaranta, samari sun tafi cin rani, waɗansu sun haye hamada. Wanda ya zo ya tsaya a gurbin jika, ko da biyansa ake yi, aikin jika yake yi, wasan nan da sabon nan kuwa su ne kayan aikinsa. Masu cewa ai don kuɗi take yi, su gaya mini ko malamin makaranta da ungozoma iska suke ci. Masu cewa aikin kwasar kashi ne, ina roƙonsu su tuna wata ta kwashe nasu shekara biyu ba ta taɓe baki ba.

Matar da ta kafa ƙungiyar masu hidima da ake kira Ƙananan Ƴan'uwa Mata na Matalauta, Jeanne Jugan, ita ma ƴar aiki ce, ta kuma yi taimakon jinya a asibiti. A lokacin sanyi na 1839 ta goyo wata tsohuwa makauniya daga titi ta kwantar da ita a kan gadonta, ita ta koma kwana a saman rufi. Daga wannan gado ɗaya gidajensu suka bazu a duniya, har da Enugu a Najeriya. Da a yau ta yi haka, ina tsammani da an kira ta ofis.

Saboda haka ga roƙona ga kwamitocinmu, tun da yake mu ma mun fara ɗaukar mutane su lura da tsofaffi, kuma abin ƙaruwa zai yi. A bar tsoho da wanda ya saba da shi, kada a raba su sai da dalili mai ƙarfi, a kuma tambayi tsohon kansa tukuna. A rubuta kayansa da kuɗinsa a gaban shaidu tun ranar da ya zo, domin kada a ƙara tsayar da wani saurayi kamar yadda muka tsayar da wancan. A biya lada cikakke a kan kari. In an zo shawara a kan jikin majiyyaci, a kira mai wankansa a ji ta bakinsa kafin a ji ta mai babbar riga. In kuma ya rasu, a shimfiɗa wa mai jinyarsa tabarma cikin masu karɓar gaisuwa.

Na yi waya da ƙanwata makon jiya. A sabon benen an ba ta wani tsohon direban jirgin ƙasa wanda ya daina cin abinci tun da matarsa ta rasu. Ta gano in ta zauna a gefensa na hagu, wajen kunnen da yake ji, ta tambaye shi sunayen tashoshi, yakan buɗe baki ya karɓi cokali. Cikin mako na uku ya riƙe sunanta. Ta ce shekaranjiya da za ta fita ya kama hannun rigarta ya ce, gobe ke za ki zo? Ta ce masa ba a liƙa takardar rabon aiki ba tukuna.